Ma'aikatan Asibitin Unguwa, Ku Riƙe Wuta

Ya ku ma'aikatan asibitocin unguwa na garin Gombe! Ke ungozoma mai kwanan zaune a Pantami, kai jami'in lafiya mai duba marasa lafiya a Tudun Wada, ke mai yankan kati a Bolari, kai mai ɗakin gwaji a Kumbiya-kumbiya, ku masu riga-kafi da ke ratsa lungunan Jekadafari da Herwagana da Nasarawo rataye da akwatin sanyi, da Baba mai gadi, da Inna mai shara, duk da ku nake. Na san jikinku ya gaji. Na san wasunku sun fara tambayar kansu ko wannan wahala tana da riba. Tana da riba, kuma ribar da ƙafarta take yawo a cikin garin nan. Yara ne masu tafiya makarantar allo da ta boko, waɗanda da ba don Allah ya sa kuna nan ba, da ƙyanda ko gudawa ta yi gaba da su. Mata ne masu goyo a kasuwa, waɗanda jini ya so ya tafi da su ranar haihuwa.

Ga abin da nake so ku riƙe da hannu biyu. Duk kuɗin da aka ware wa lafiya, a Abuja ne ko a gidan gwamnatin Gombe, lambobi ne kawai a takarda har sai ya iso hannunku. Ruwan madatsar Dadin Kowa, duk yawansa, ba ya kashe wa mutumin Shamaki ƙishirwa sai ya bi bututu ya fito ta famfon unguwa, kuma ku ne famfon. Don haka sanin inda kuɗin asibitinku yake fitowa, da yadda ake kashe shi, da bin sawunsa idan ya makara, duk cikin aikinku ne, daidai da auna hawan jini da karɓar haihuwa.

Wannan aiki naku yana da asali. A watan Satumba na 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka amince cewa talaka ba zai samu lafiya ba sai an kai masa kulawa kusa da ƙofar gidansa: riga-kafi, da awon ciki, da haihuwa a hannun wanda ya iya, da ruwa mai tsafta, da abinci mai gina jiki, da maganin cututtukan yau da gobe. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki maganar da gaske. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin abin koyi, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lafiya a matakin farko. A 1987 ministocin lafiya na Afirka sun haɗu a Bamako, suka fito da tsarin asusun magani mai juyawa: a sayar da magani da sauƙi, a mayar da kuɗin a sayo wani, jama'ar gari su sa ido. Tun a wancan lokacin manya sun gane cewa maganar jinya da maganar kuɗi tare suke tafiya.

Gombe kuwa ta zama jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114. Garin da a da aka fi sani da cinikin auduga da hatsi ya wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwararo, 'yan kasuwa suka biyo. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, 'yan'uwanmu daga Borno da Yobe da Adamawa suka shigo neman mafaka, mutanen Gombe suka buɗe musu ƙofa. Gari ya bazu ta Tumfure da Bogo, ta Kagarawal da Malam Inna da Arawa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha suna iyakar ƙoƙarinsu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk yaron da kuka yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro kuka ba shi magani tun ranar farko, kun hana shi kaiwa ga suma da ƙarin jini, kun kuma bar wa wani gado a babban asibiti. Duk mai cikin da kuka gano jininta ya hau tun a wata na shida, kun tare jijjiga tun kafin ta taso. Likitan da ke babban asibiti yana iya numfashi ne saboda kuna tsaye a unguwa.

Idan wani ya raina muku aiki, ku tuna masa da shan inna. An yi zamanin da kusan kowace unguwa a arewa tana da yaron da ke jan gindi ko dogara sanda. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗigon riga-kafi a wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Wa ya koma gida-gida yana lallashi, ana rufe masa ƙofa, ana zaginsa, gobe ya sake dawowa da sallama? Irinku ne. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe masu riga-kafi tara a Kano, aikin bai tsaya ba. Sarakuna suka shigo ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, malamai suka yi wa'azi, masu unguwanni suka raka ma'aikata ƙofa-ƙofa. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Kurkunu ma haka: cutar da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Wanda aka yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya sauko zuwa 110. Har yanzu yana da yawa ƙwarai, kuma arewa ce ke ɗauke da mafi nauyin kayan. Amma saukar nan ba daga sama ta faɗo ba. Allura ce bayan allura, awo bayan awo, gidan sauro bayan gidan sauro, da maganin kariya daga zazzaɓi da kuke bi gida-gida kuna ba yara duk wata a lokacin damina.

Ku dubi dare ɗaya, irin wanda kowace ungozoma a cikinku ta sani. Ƙarfe biyu ta gota, an ɗauke wuta, fitilar sola ce kaɗai ke ci a ɗakin haihuwa. Keke Napep ya tsaya a bakin ƙofa, Baba mai gadi ya buɗe da sauri. Mace ce mai haihuwa ta shida, uwar mijinta na riƙe da ita. Jariri ya faɗo lafiya, ya tsala kuka, mabiyiya ta fita. Sai jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora hannu ta shiga murza mara don mahaifa ta tsuke, ta ce wa abokiyar aikinta ta ɗauko allurar tsayar da jini daga firji, ta nemo jijiya ta jona ƙarin ruwa.

"Goggo, ɗaga min ledar ruwan nan sama, kada ki sauke hannu."

"Malama, za ta tashi kuwa?"

"In Allah ya yarda, Goggo. Amma a kira maigidanta yanzu, ya taho da 'yan'uwa biyu, ko za a nemi jini."

Ta auna bugun zuciya, ta auna hawan jini, ta ga lallai sai babban asibiti. Ta rubuta takardar turawa, ta buga wa direba waya, ta shiga motar da kanta riƙe da ledar ruwa. Da gari ya waye, mai jego na kwance ana ƙara mata jini, jaririnta na gefe.

Yanzu ku ƙirga abin da hannun ungozomar nan ya taɓa a daren: safar hannu, da allura, da ledar ruwa, da firjin da ya hana allurar lalacewa, da batirin solar da ke riƙe da firjin, da katin wayar da ta kira direba, da man motar. Kowanne da kuɗi aka saye shi. Da ɗaya ya ɓace, da labarin ya sauya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a cikin matan da ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa a faɗin duniya, fiye da ɗaya cikin huɗu 'yan Nijeriya ne, kuma zubar jini na kan gaba wajen kashe su. Wanda ya tsaya sai da aka sayi batirin nan a kan lokaci, yana da rabo a ran da aka ceto a daren.

Ba na ɓoye cewa kuna cikin matsi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin mota ya cinye rabin albashi. Akwai asibitin da mutum biyu ke aikin mutum shida. Akwai waɗanda suka gama Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Kaltungo ko makarantar jinya da ungozoma ta Gombe, suka shafe shekaru suna aikin sa-kai, suna jiran takardar ɗaukar aiki. Akwai wanda ƙarin girmansa ya maƙale, akwai wanda abokan karatunsa suka tafi Saudiyya ko Ingila suna turo masa hotuna. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, girgizar ta iso har ɗakunan bayar da maganin ƙanjamau da tarin fuka da tamowa. Wannan ya koya mana darasi mai ɗaci: tallafin baƙo yana da ranar ƙarewa. Lafiyar 'ya'yanmu sai ta tsaya a kan kuɗinmu da ƙafafunmu. Kuma abin farin ciki shi ne, yau akwai hanyoyin kuɗi na doka waɗanda magabatanku a wannan aiki ba su samu ba. Ku san su kamar yadda kuka san jadawalin riga-kafi.

Hanya ta farko ita ce asusun kula da lafiya na matakin farko, wanda kuka fi sani da BHCPF. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta haife shi. Ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a ciki, ta kuma yanka yadda za a raba: rabi ya tafi wajen biya wa jama'a kuɗin jinya ta hanyar inshora, kashi 20 a sayi magani da allurar riga-kafi da kayan aiki na yau da kullum, kashi 15 gyaran gini da na'urori da sufuri, kashi 10 horar da ma'aikata, kashi 5 jinyar gaggawa. Doka ta kuma ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi nasu kason da za su haɗa. An jima ana jira, sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55 da 'yan kai, aka fara rabawa a 2019. Babban abin da ya bambanta wannan asusu da na baya shi ne, wani kaso yana faɗawa kai tsaye cikin asusun banki na asibitin mazaɓa, duk bayan wata uku. Shugaban asibiti da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa su ke sa hannu a fitar da shi, bisa tsarin aikin da suka rubuta tare. An fara da kimanin naira dubu 300 a kowane wata uku. Kowa ya san wannan bai kai ya kawo ba a tsadar yau, shi ya sa ma'aikatar lafiya ta tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate da ya karɓe ta a 2023, ta ɗauki alkawarin ƙara kuɗin da kuma ninka yawan asibitocin da ke amfana. Alkawari kaya ne, kuma ku ne shaidun ko an sauke shi.

Hanya ta biyu ita ce GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa bayan hawanta mulki a 2019, tare da aikin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin 114. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa wani abu daga albashi, mai sana'ar kansa yana biya a shekara, marasa ƙarfi kuma ana biya musu. Sirrin wannan tsari da ya kamata kowane ma'aikaci ya gane shi ne, ana biyan asibiti ne gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista suka zaɓe shi. Kowane mai kati yana jawo wa asibitin kuɗi duk wata, ya zo jinya ko bai zo ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ma ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga irin wannan tsari. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da 'yan Nijeriya ke kashewa a kan lafiya daga aljihunsu yake fita kai tsaye, ranar da ciwo ya kwantar. Kun sha ganin magidanci ya sayar da akuya ko buhun masara don a yi wa matarsa aiki. Duk wanda kuka shawo kansa ya yi rajista, kun tsare masa dukiyarsa, kun kuma ƙara wa ɗakin maganinku ƙarfi.

To, tunda kuɗi yana bin rajista da rahoto, littafin nan mai dogayen layuka da kuke cikawa da yamma, bayan kowa ya watse, ya zama makaminku. Asibitin da rahotonsa ke fita a kan lokaci, rasit ɗinsa ke jere, lissafinsa ke daidai, shi ake fara saki wa kuɗi na gaba. Ku zauna da kwamitin mazaɓa zama na gaskiya, a baje buƙatu a faifai. Shugaban asibiti ya ce, "Alhaji, ga abin da ya shigo, ga abin da ke gabanmu: famfon rijiyar burtsatse ya tsaya, rufin ɗakin awo na yoyo, ma'aunin hawan jini ɗaya ya rage mana." Shugaban kwamiti ya ce, "Malam, a fara da ruwa, ɗakin haihuwa ba ya yiwuwa ba ruwa. Rufin kuma ka bar min, zan yi magana da 'yan kasuwar unguwa." Bayan haka a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da manyan baƙaƙe, a manna a bango inda mai jiran awo za ta gani. Kuɗin da jama'a ke kallo yana da wuyar ɓacewa, kuma ma'aikacin da lissafinsa ke bango ba mai iya yi masa ƙazafi.

Wannan ya kawo mu maganar amana, wadda ita ce jarinku na gaskiya. Ke mai riga-kafi, kin san 'yar alamar nan da ke jikin kwalbar allura, farin murabba'i a cikin da'ira. Idan murabba'in ya yi duhu ya saje da da'irar, zafi ya kashe allurar. Uwar da ke zaune a benci da jariri a cinya ba ta san wannan ba. Ba mai ganinki sai Allah. Ranar da kika ajiye kwalbar nan gefe kika ɗauko mai kyau, ko da zai ja miki dogon bayani a ofis, ranar kika cika ma'aikaciyar lafiya. Haka maganin da aka rubuta kyauta ne, a bayar da shi kyauta. Abincin gyaɗar nan na yara masu tamowa ya shiga bakin yaron da aka auna wa dantse, kada ya ɓulla a kasuwa. Kada a rubuta yara ɗari alhali sittin aka yi wa allura, domin arba'in ɗin da aka ƙara a takarda su ne ƙyanda da mashaƙo za su samu ba kariya. An kawo na'urar dangwala yatsa don a san wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Mai zuwa aikinsa ba ya tsoronta, ita ce ma shaidarsa ranar neman ƙarin girma. Sannan a kula da harshe. Mace ɗaya da aka daka wa tsawa a ɗakin naƙuda za ta ba da labari a gidan suna, mata goma su fasa zuwa awo. Wadda aka ce wa "sannu, Adda, kin kusa, yi haƙuri" ita ma za ta ba da labari. Kyakkyawar magana ba ta cikin kasafin kuɗi, amma tana cika asibiti.

Wanda ya riƙe amana kuwa yana da bakin neman haƙƙinsa, kuma ina so ku neme shi da ƙarfi, ba da rawar murya ba. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wannan mizani ba. Ku tambayi jiharku nawa ta ware, sannan ku yi tambayar da ta fi wannan muhimmanci: nawa aka saki? A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Asibitin unguwa na cikin hidimomin da suka fi kusa da ƙaramar hukuma, don haka ku tambayi shugaban ƙaramar hukuma da kansilan mazaɓarku me suka tanadar masa. Ku bi ta ƙungiyoyinku, ta ma'aikatan lafiya da ta ma'aikatan jinya da ungozoma, ku bi ta hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Ku je da lissafi a hannu: ga yawan haihuwar da muka karɓa a wata uku, ga yawan ma'aikatan da muke da su, ga daren da ungozoma ɗaya ta karɓi haihuwa huɗu. Ku nemi a ɗauki masu aikin sa-kai, a biya alawus na aikin dare da na haɗari, a gina wa ungozoma ɗakin kwana a harabar asibiti. Koke da fatar baki ana iya kau da kai daga gare shi, amma lissafi na gaskiya yana da wuyar turewa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku kuma sauran masu neman na kansu a garin nan, direbobin tashar Dukku da tashar Bauchi, masu Keke Napep, 'yan kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, mahauta, teloli, makanikai, malaman makaranta, asibitin unguwa naku ne. Matanku ke haihuwa a ciki, 'ya'yanku ake yi wa allura a ciki. Gombe tana da tarihin da za ta yi alfahari da shi a wannan fage. Direbobin ƙungiyar sufuri ta ƙasa a jihar nan sun yi suna wajen ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti cikin dare a matsayin aikin sa-kai. A 2016 an horar da mata fiye da dubu ɗaya, 'yan asalin garuruwansu, suka riƙa shiga gida-gida suna neman masu ciki, suna raka su awo. Abin da aka yi jiya ana iya yin wanda ya fi shi yau. Kowace ƙungiyar sana'a ta yi wa mambobinta rajistar GoHealth a dunƙule, a riƙa tara kuɗin kaɗan-kaɗan kamar yadda ake zubin adashi. Mai hali ya ɗauki nauyin katin marayu goma ko zawarawa biyar na layinsu, ya nemi lada a wurin Allah. Limamai da fastoci su tuna wa magidanta cewa barin mace ta je awo da ba ta kuɗin mota yana cikin haƙƙin aure. Mai unguwa ya halarci zaman kwamitin mazaɓa da kansa, domin zuwa da kai ya fi aike. Kuma idan an ga ma'aikaciyar da ta kwana tana aiki, a gaishe ta da mutunci, a kare ta daga masu zuwa da zafin kai.

Ku matasan da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kada ku yarda wani ya sa muku jin cewa kun kasa zama wani abu ne shi ya sa kuka tsaya a asibitin unguwa. Ku ne kuka fara ganin annoba kafin kowa ya ji labarinta a rediyo. Ranar da yara uku daga layi ɗaya suka zo da amai da gudawa, wayar da kuka buga wa jami'in sa ido kan cututtuka ita za ta hana unguwa guda zaman makoki. Ku nemi ilimi, ku je ƙarin karatu, ku koyi lissafin kuɗi da aiki da kwamfuta kamar yadda kuka koyi ɗaura ƙarin ruwa, domin shugabannin hukumar lafiya na gobe daga cikinku za su fito. Ku dattawan aiki kuma, ku ja su a jiki, ku koya musu abin da ba ya cikin littafi, da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka gobe da safe a buɗe ƙofa a kan lokaci. A duba firji a rubuta sanyinsa. A ƙirga maganin da ya rage, a nemi wani tun bai ƙare ba. A kira shugaban kwamiti a sa ranar zama. A tambayi inda kuɗin wannan zangon ya tsaya, a bi shi ofis-ofis har ya fito. A yi wa mutum biyar bayanin katin inshora kafin azahar. A nemo matar nan da ba ta dawo awo ba, a nemo yaron nan da ya tsallake allurar wata tara. Mazaɓu 11 ne a ƙaramar hukumar Gombe. Idan kowace ta tsaya a kan nata, babu macen da za ta rasa ranta a garin nan don an rasa allura ɗaya ko litar mai ɗaya. Wannan abu ne mai yiwuwa, kuma a zamaninku zai yiwu. Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin zuciya, ya sa albarka a albashinku da iyalanku, ya ba shugabanni ikon sauke haƙƙinku. Ku tashi, ku ɗaura ɗamara, ku riƙe wuta.